Ƙarar Waya: A Bar Ta, A Kashe Ta, Ko A Zaɓi Mai Shigowa?

Mai babbar waya yana tsakanin tsoro biyu. Idan ya bar sanarwa a buɗe, ba ya gama karanta shafi ɗaya ko haɗa lissafi ɗaya sai waya ta yi ƙara. Idan ya kashe, zuciyarsa ba ta kwanciya: ko Hajiya ta kira daga gida ba ta same shi ba, ko mai sayen kaya ya turo saƙo ya gaji da jira ya koma shagon maƙwabci, ko oga ya nema a ofis aka ce ba ya amsawa. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce "kashe komai kawai ka huta", kuma da yawa daga masu bin ta ba sa daɗewa suke komawa gidan jiya.

Fiye da shekara 20 ke nan masana halayyar ɗan Adam da masu nazarin mu'amalar mutum da kwamfuta suna gwada wannan al'amari a ofisoshi da jami'o'i da asibitoci. Abin da suka gano ya isa mutum ya yi zaɓi da hujja. Hanyoyi biyar ne a gabanka: barin komai a buɗe, kashe komai, tara saƙonni a duba su a lokaci sananne, tace waɗanda za su iya samunka, da nisanta wayar daga jikinka.

## Me katsewa take ci?

Mutane ba sa jinkirin duba saƙo. A farkon shekarun 2000, Thomas Jackson da abokan aikinsa na Jami'ar Loughborough a Ingila sun sa ido kan ma'aikatan wani kamfani, suka ga kashi 70 cikin 100 na saƙonnin imel ana waiwayarsu cikin daƙiƙa 6 da shigowa. A 2014 wata tawaga a Jami'ar Stuttgart ta Jamus ta tattara sanarwa kusan miliyan 200 daga wayoyin mutum sama da 40,000, aka ga kusan rabin waɗanda aka taɓa, cikin daƙiƙa 30 aka taɓa su.

Komawa kan aiki shi ne ke da wuya. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta bi ma'aikatan ofis da agogo a hannu, kuma a rahotonta na 2005 ta nuna cewa idan aka katse mutum, yakan kai kimanin minti 25 kafin ya dawo kan aikin da ya bari. Ana yawan yaɗa irin wannan adadi kamar kowane saƙo yana sumar da ƙwaƙwalwa na tsawon minti 25, alhali abin da aka auna daban ne: mutum yakan bi ta kan wasu ayyuka kamar biyu kafin ya waiwayi na farko. Saƙon ya ɗaga shi, sauran lokacin kuma ya tafi a amsa wannan, leƙa wancan.

Gajeriyar katsewa ma tana da kuɗinta. Erik Altmann na Jami'ar Jihar Michigan ya sa mutane aiki mai matakai a jere, ya riƙa katse su. Katsewar daƙiƙa 2.8 ta ninka kuskuren tsallake mataki ko maimaita shi sau biyu, ta daƙiƙa 4.4 ta ninka shi sau uku. A asibitoci biyu na birnin Sydney na Ostireliya, Johanna Westbrook ta lura da ma'aikatan jinya 98 suna raba magani, ta ga duk katsewa ɗaya tana tafe da ƙarin kuskure na kusan kashi 12 cikin 100. A 2015 kuma, a Jami'ar Jihar Florida, Cary Stothart ya nuna cewa ko ba ka ɗauki wayar ba, jin ƙararta ko jijjigarta kaɗai yana ƙara kuskure a aikin da ke bukatar mayar da hankali. Taura biyu ba ta taunuwa, ko da ɗayar tana cikin aljihu.

## Ma'aunin da zan bi

Abu biyar nake dubawa a kowace hanya. Na farko, natsuwar da take bayarwa, bisa abin da gwaji ya nuna. Na biyu, kuɗi. Na uku, sauƙin saitawa a wayoyin da suka fi yawa a hannun mutane, wato Android irin su Tecno, Infinix, itel, Samsung da Redmi, sai kuma iPhone. Na huɗu, ɗorewa: bayan wata guda, kana nan a kanta ko ka watsar? Na biyar, haɗari: me zai iya wuce ka, kuma wa zai ji haushinka?

A ganina na huɗu da na biyar su ne ke yanke hukunci. Kusan duk hanyoyin kyauta ne, kuma kusan duka suna aiki a rana ta farko. Abin da ke kayar da su shi ne fargaba da ƙorafin jama'a. Ka kuma riƙe a ranka cewa an yi waɗannan gwaje-gwaje a Amurka da Kanada da Turai da Ostireliya da Indiya, da yawa a kan ɗaliban jami'a da ma'aikatan ofis. Mai shago a Kantin Kwari da abincinsa ke shigowa ta WhatsApp yana da lissafin da ɗalibi a Vancouver ba shi da shi, don haka sai an ɗauki sakamakon an gwada shi da irin rayuwar mutum.

## Hanya ta 1: barin komai a buɗe

Haka waya take zuwa daga kamfani, kuma haka yawancin mutane suke barinta. Ba kuɗi, ba saiti, ba wanda zai ce ka share shi. Ɗorewarta ba ta da tamka tunda ba abin da za ka yi.

A natsuwa ce ta zo ta ƙarshe. Martin Pielot na sashen bincike na kamfanin Telefónica a Barcelona ya bi wayoyin mutum 15 na tsawon mako guda a 2014, ya samu kowannensu yana karɓar sanarwa kimanin 63 a rana, galibi saƙonnin hira da imel. Wannan tun kafin guruf-guruf na WhatsApp su yi yawan da suka yi yanzu. A 2016 Kostadin Kushlev ya sa ɗalibai 221 na Jami'ar British Columbia a Kanada su yi mako ɗaya da ƙara a kunne da waya a kusa, su yi wani makon da ƙara a kashe da waya a nesa. A makon ƙara sun fi kukan rarrabuwar hankali da kasa zama wuri ɗaya, kuma sun ji aikinsu ya ragu.

Akwai wani abu da ke ruɗin mutane game da wannan hanya. A gwajin da Mark ta yi a Jamus a 2008, waɗanda ake katsewa sun gama aikinsu da sauri fiye da waɗanda aka bari, saboda sun riƙa gaggawa don cike gurbin. Amma sun biya da gajiya da takaici da jin matsin lokaci. Don haka wanda ya ce "ni waya ba ta hana ni gama aikina" yana iya zama gaskiya ya faɗa, sai dai da yamma a jikinsa yake jin kuɗin.

Haɗarinta ma ba ƙarami ba ne. Idan tallar manhaja da barkwancin guruf da saƙon asibiti duk ƙara ɗaya suke yi, mai muhimmancin yana iya nutsewa a cikin tarkace.

## Hanya ta 2: kashe komai

Nan ne aka fi samun saɓani tsakanin abin da ake zato da abin da aka gani. Kyauta ce, kuma taɓawa ɗaya ce. Amma bincike huɗu daban-daban sun nuna rauni iri ɗaya a jikinta.

Pielot da Luz Rello sun roƙi mutum 30 su kashe duk sanarwa na awa 24. Mahalartan sun ce hankalinsu ya fi tattaruwa kuma sun fi yin aiki. Sun kuma ce sun yi ta fargabar kada wani abu ya wuce su, sun ji kamar an yanke su daga mutanensu, kuma sun riƙa ɗauko wayar da kansu suna dubawa. A 2022 Mengqi Liao da Shyam Sundar na Jami'ar Jihar Pennsylvania sun duba bayanan amfani na masu iPhone 138, suka ga waɗanda suka sa wayarsu a shiru sun fi yawan ɗaga ta su duba, musamman masu tsoron kada a yi wani abu ba da su ba. A 2024 wata tawaga a Jami'ar Amsterdam ta Holan ta sa mutane kashe sanarwa na mako guda: yawan duba waya da lokacin da ake ɓatawa a kanta ba su ragu ba, fargaba kuma ta ƙaru. Na huɗun zai zo a hanya ta uku.

Dalilin a fili yake. Ƙarar waya tana katse mutum, amma tana kuma ba shi tabbaci: idan ba ta yi ƙara ba, ba komai ke nan. Ka cire ƙarar, ka cire tabbacin. Daga nan zuciya ce za ta karɓi aikin, ta riƙa tambaya duk bayan 'yan mintuna ko wani ya turo wani abu. Tun a binciken ofis Mark ta lura cewa kusan rabin katsewar da ma'aikata ke fuskanta su ne ke katse kansu, ba wanda ya kira su.

Wannan bai sa hanyar ta zama banza ba. Tana da kyau ga lokaci gajere mai iyaka da kowa ya fahimta: salla, jarrabawa, zaman ta'aziyya, tuƙi, barci. Matsalar tana farawa ne idan aka mai da ita tsarin yini gaba ɗaya. A ɗorewa tana da rauni, a haɗari kuma ita ce kan gaba, domin kiran gaggawa ɗaya da ya wuce ka ya isa ya sa ka kunna komai ka rantse ba za ka sake ba.

## Hanya ta 3: tara saƙonni, a duba a lokaci sananne

Wannan ce hanyar da ta fi samun goyon bayan gwaji kai tsaye. A 2019 Nicholas Fitz da Kushlev da abokansu, tare da wata cibiyar bincike ta Jami'ar Duke, suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 237 a Indiya. Sun raba su gida huɗu ta hanyar wata manhaja: wasu sanarwa na zuwa musu kamar kullum, wasu a tara a ba su duk awa ɗaya, wasu a ba su sau uku a rana, wasu a hana su gaba ɗaya. Masu sau uku su suka ci riba: hankali ya fi tattaruwa, sun ji sun fi yin aiki, ransu ya fi sanyi, kuma sun ji su ke iko da wayar. Masu awa-awa ba su bambanta sosai da na kullum ba. Waɗanda aka hana gaba ɗaya, fargabarsu ce ta ƙaru. Kafin wannan, a 2015, Kushlev da Elizabeth Dunn sun gwada duba imel sau uku kacal a rana da manya 124, kuma damuwarsu ta ragu a makon da suka bi ƙa'idar.

Abin lura a nan shi ne gazawar rukunin awa-awa. Rage ƙara kaɗan bai wadatar ba. Sai tazarar ta yi tsawon da mutum zai nutsa cikin aiki ya gama wani abu, kuma ya san tabbas yaushe zai ga saƙonninsa. Sanin lokacin ne ke kwantar da zuciya.

Wani reshen bincike ya ƙara haske. Shamsi Iqbal da Brian Bailey na Jami'ar Illinois sun nuna cewa sanarwar da ta zo a gaɓar aiki, wato lokacin da mutum ya gama wani sashe bai fara na gaba ba, ta fi sauƙin ɗauka kuma ba ta ɓata rai kamar wadda ta faɗo a tsakiyar aiki. Ga Musulmi, yini ya riga ya zo da gaɓoɓinsa. Wanda ya ce zai duba saƙo da hantsi, da bayan Azahar, da bayan La'asar, da bayan Isha'i, ba ya bukatar agogon tunatarwa, kuma lokuta ne da dama zai tashi daga aiki. Ina ganin wannan ya fi ƙarfe kaza da ƙarfe kaza saurin zama ɗabi'a.

Ta fuskar saiti, masu iPhone sun fi samun sauƙi, domin tun 2021 Apple ya sa tsarin da ke tara sanarwar manhajojin da ka zaɓa ya kawo su a dunƙule a lokutan da ka sa. A galibin wayoyin Android, cikin sashen Digital Wellbeing akwai tsarin da ke dakatar da manhajojin da ka zaɓa na wasu awanni, ya riƙe sanarwarsu har lokacin ya cika. Hanya mafi sauƙi kuwa mutane da yawa suna yin ta don tattalin kuɗi ba tare da sun san darajarta ba: kashe data. Idan data tana kashe, WhatsApp da Facebook da TikTok duk sun yi shiru, amma kiran layi da saƙon tes suna shigowa, har da alat na banki da ke zuwa ta tes. Ga kuma ragin kuɗin data da cajin batir.

Rauninta biyu ne. Tana bukatar riƙon kai, domin ba abin da zai hana ka kunna data da zarar ka ji kewa. Sannan kiran WhatsApp ba zai shigo ba idan data tana kashe, wanda babban abu ne ga mai ɗa a Saudiyya ko miji a Libiya da ba sa kira sai ta nan.

## Hanya ta 4: tace masu shigowa

A nan ba lokaci ake tsarawa ba, mutane ake zaɓa. Kowace babbar waya tana da tsarin "kada a dame ni", kuma amfaninsa yana cikin keɓewar da yake bari ka yi. Za ka iya sa wa lambobin iyaye da mata ko miji da oga da makarantar yara tauraro, su kaɗai wayar za ta yi wa ƙara. Akwai kuma zaɓin mai maimaita kira: a Android idan lamba ɗaya ta sake kira cikin minti 15, kira na biyu zai shigo da ƙara, a iPhone cikin minti 3 ne. Wannan shi ke rufe ɓarakar baƙuwar lamba, kamar wanda ya ari wayar wani a asibiti ko a tasha don ya neme ka. Agogon farkawa ma yana bugawa yadda aka saba.

Shawarata ga yawancin mutane ta fi wannan sauƙi: bar duk kiran layi ya shigo, ka rufe bakin saƙonni. A al'adarmu idan abu ya yi zafi, rasuwa ko haɗari ko naƙuda, kira ake yi, a sake kira, a kira maƙwabci. Da wuya a bar irin wannan labari a saƙon rubutu a zauna jira. Abin da ke cin hankali shi ne ɗaruruwan saƙonnin guruf na 'yan aji, na unguwa, na dangi, na siyasa.

WhatsApp da kansa ya ba da kayan aikin. Ana iya rufe bakin guruf na awa 8, ko mako guda, ko dindindin, kuma idan wani ya ambaci sunanka ko ya amsa saƙonka kai tsaye za a sanar da kai. Ana iya tura hira zuwa ma'ajiya ta zauna can ko da sabon saƙo ya shigo. Ana iya sa wa mutum ɗaya sautinsa na daban, ta yadda daga ƙarar za ka san ko ya cancanci ka ajiye abin da kake yi. Wayoyin da ke kan Android 13 zuwa sama suna sa sabuwar manhaja ta nemi izini kafin ta fara turo sanarwa. Wasanni da manhajojin labarai da na saye-saye, hana su tun daga nan.

Binciken Stuttgart ya goyi bayan tunanin da ke ƙarƙashin wannan hanya: da aka tambayi mutane wace sanarwa ce ke da muhimmanci a gare su, saƙon mutane da tunatarwar alƙawari suka sa a gaba, sanarwar na'ura da makamantanta suka koma baya. Amma a faɗi gaskiya, gwaji kai tsaye irin na Indiya ya fi ƙarfi a ɓangaren tarawa. Ƙarfin tacewa yana cikin cewa ta magance ainihin abin da ya kayar da kashe komai, wato fargaba.

Kuɗi babu. Wahalarta a zama na farko ce, kamar rabin awa kana bin manhajoji ɗaya bayan ɗaya, kuma sunayen saitin suna bambanta daga waya zuwa waya. Bayan ka gama, sa wani ya kira ka ta layi, ya kuma kira ta WhatsApp, ka tabbatar abin da ka zaɓa yana shigowa. Kada ka tsallake wannan gwajin. Da zarar ta zauna, ita ce ta fi kowace ɗorewa, tunda ba kullum za ka yi ta kokawa da zuciyarka ba.

## Hanya ta 5: nisanta wayar, ko riƙe ƙarama ta biyu

A 2017 Adrian Ward na Jami'ar Texas da ke Austin ya gwada ɗalibai kusan 800: wasu waya a kan tebur, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki, duk a shiru. Masu waya a wani ɗaki sun fi masu waya a tebur ƙoƙari a gwajin riƙe bayani da warware matsala. Wasu da suka maimaita gwajin daga baya ba su ga bambanci mai girma haka ba, don haka kada a ɗauki sakamakon kamar yankan wuƙa. Abin da ba ya bukatar gardama shi ne wayar da take ɗaki na gaba ba a ɗaga ta da wasa, sai an miƙe.

Salon da ya fi dacewa da mai jama'a shi ne riƙe ƙaramar waya mai madannai, 'yar tocila, da layin da na kusa suka sani, a bar babbar a durowa ko a gida lokacin aiki. Ita kaɗai ce a cikin biyar ɗin ke cin kuɗi: farashin wayar, da layi na biyu da rajistarsa idan ba ka da shi, da ɗan kati. A madadin haka cajinta yana kwanaki, abin da ke da daraja inda wuta ba ta zama. Natsuwarta tana da yawa. Rauninta shi ne ɗawainiyar waya biyu, da kuma cewa duk wanda sana'arsa ke cikin babbar wayar ba zai iya rabuwa da ita ba.

## A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Natsuwa | Kuɗi | Sauƙin saiti | Ɗorewa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Komai a buɗe | Kaɗan ƙwarai | Babu | Ba saiti | Sosai | Kuskure a aiki, gajiya |
| Kashe komai | Mai kyau na ɗan lokaci | Babu | Taɓawa ɗaya | Rauni | Rasa kiran gaggawa, fargaba |
| Tarawa | Sosai | Babu, har da ragin data | Matsakaici | Sai da riƙon kai | Jinkirin amsa na awanni |
| Tacewa | Mai kyau | Babu | Wahala sau ɗaya | Sosai | Kaɗan, idan an gwada saitin |
| Nisantawa ko waya biyu | Sosai | Ƙaramar waya da layi | Sauƙi | Matsakaici | Ba ta yi wa mai ciniki ta waya |

## Batun "ka gani ba ka amsa ba"

Jadawalin bai ɗauki wani abu ba, kuma shi ne ke rusa tsarin mutane da yawa: abin da jama'a ke tsammani daga gare ka. Tun da WhatsApp ya kawo shuɗin maki biyu a Nuwamban 2014, jinkirin amsa ya zama abin da ake iya gani a yi fushi a kai. Ana iya kashe alamar a saiti, sai dai kai ma ba za ka ga ta wasu ba, kuma a guruf ba ta kashuwa.

Akwai labari mai daɗi a nan. A 2021 Laura Giurge da Vanessa Bohns sun yi jerin gwaje-gwaje da ma'aikata sama da 4,000 kan saƙonnin aiki da ake turowa bayan an tashi. Sun ga mai karɓa yakan zaci mai aikowa yana jiran amsa da gaggawa fiye da yadda shi mai aikowar yake nufi. Da mai aikowa ya ƙara 'yar magana cewa ba gaggawa ba ne, damuwar mai karɓa ta ragu. Ke nan wani kaso na matsin da kake ji, ba wanda ya ɗora maka shi. Ka gaya wa mutanenka tsarinka da bakinka: "Yaya, in abu na gaggawa ne ki kira ni, saƙo sai bayan salla nake dubawa." Kai ma idan ka tura wa na ƙasa da kai saƙo da dare, rubuta masa cewa ya bari sai da safe. Faransa har doka ta yi a 2017 da ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe na'ura bayan aiki, wanda ya nuna matsalar ta wuce ta mutum ɗaya da wayarsa.

## Wace ce taka?

Ɗalibi mai shirin jarrabawa, ko malami mai duba takardu, ko mai hadda: nisanta wayar a lokacin karatu, ka tara saƙonni zuwa bayan salla. Kai ne binciken ya fi yi wa magana kai tsaye, kuma da wuya saƙon da ya jira awa uku ya cutar da kai.

Ɗan kasuwa da mai POS da mai sayar da kaya daga gida ta WhatsApp: tarawa za ta ci muku ciniki, kada ku bi ta a lokacin kasuwa. Tacewa ce taku. Raba layin ciniki da na zumunci, ko a yi amfani da WhatsApp Business ga masu saye, a bar shi da alat na kuɗi su yi ƙara, a rufe bakin sauran. A sa saƙon amsa ta atomatik na lokacin da aka tashi. Lokacin ƙirga kuɗi ko rubuta lambar asusu, a gama kafin a waiwayi waya, domin irin aikin da daƙiƙa uku ke ɓatawa ke nan.

Ma'aikacin ofis: haɗa biyu. Oga da gida su shigo ta tacewa, imel da guruf na aiki su jira lokuta uku ko huɗu. Yi magana da oga tukuna kafin ka fara.

Uwa mai yara a makaranta, da mai jinyar tsoho, da wanda shi ake kira idan wani abu ya faru a dangi: kada ku kashe komai ko da dare. Ku bar kira a buɗe da zaɓin mai maimaita kira, ku rufe guruf. Idan na nesa ta WhatsApp suke kira, data ta zauna a kunne, a rufe bakin hirarrakin da ba nasu ba.

Ma'aikacin jinya, mai haɗa magani, tela a kan yanka, mai aiki da inji: a lokacin aikin da kuskurensa ba ya gyaruwa, wayar ta bar jikinka gaba ɗaya, ka ba gida lambar wani abokin aiki saboda larura.

Direba, da ɗan acaba, da mai Keke Napep: a kan hanya kashe komai ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau huɗu, kuma sa abin ji a kunne bai rage haɗarin sosai ba. A Najeriya ma laifi ne da jami'an kiyaye haɗurra ke kamawa a kai. Idan kiran fasinja ko na mai kaya kake jira, gangara gefen titi ka tsaya, sannan ka duba.